Darasi na Tara: Haɗa Kwamfutar Tebur da Netwok Ba Tare da Katin Sadarwa Ba

Akwai tambayar da kusan kowane zango sai wani ɗalibi ya kawo mini. Mutum ya tara kuɗi ya sayi kwamfutar tebur ta hannu, irin HP ko Dell ɗin nan da ofisoshin Turai suka gama aiki da su, ya kai ta shago ko gida, ya kunna, komai lafiya lau. Sai ya zo neman alamar Wi-Fi a ƙasan fuskar kwamfutar, kamar yadda ya saba gani a laftof ɗin ɗansa, ya duba nan ya duba can, babu. Ya koma wajen mai gyara, aka ce masa, "Alhaji, ai wannan ba ta da katin netwok." Daga nan wasu su haƙura su mayar da ita injin buga wasiƙa kawai, wasu kuma su fara cigiyar mai saye.

Domin irin waɗannan aka rubuta wannan darasi. In Allah Ya yarda, kafin ku kai ƙarshensa za ku iya shigar da kwamfutar tebur cikin netwok ba tare da kun kwance ko da kusa ɗaya daga jikinta ba, kuma za ku san hanyar da ta dace da irin aikinku.

Mene ne katin?

Kwamfuta ba ta iya magana da 'yar'uwarta sai da tafinta. Duk abin da ke cikinta lambobi ne, sifili da ɗaya. Dole a sami wata 'yar na'ura da za ta juya lambobin nan su zama motsin lantarki a cikin kebul, ko saƙon rediyo a iska, sannan ta karɓi amsa ta mayar da ita lambobi. A shekarun 1990, wannan na'ura a kan wani falle take zuwa mai faɗin tafin hannu, sai an buɗe akwatin kwamfuta an soka shi a gurbinsa. Shi ya sa aka kira shi kati. Daga farkon shekarun 2000 kamfanoni suka koma dasa ta kai tsaye a jikin babban allon da ke cikin akwatin, wanda masu gyara ke kira madabod. Yau kuwa ana sa ta a cikin abin da bai kai ɗan yatsa tsawo ba, kuma akwai irinta a cikin kowace wayar hannu.

Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa darasin ya tsaya: tafinta kwamfutarku take buƙata, ba lallai sai katin ba. Duk abin da zai iya yi mata tafinta, ya wadatar.

Sai kuma bambanci tsakanin netwok da intanet, wanda rashin saninsa kan sa mutum ya sayi abin da ba shi yake nema ba. Kwamfutoci uku da firinta ɗaya a shagon buga takardu, idan aka haɗa su suna miƙa wa juna aiki, wannan netwok ne ko da babu data ko ta sisi. Intanet kuwa ita ce haɗuwar netwok-netwok na duniya baki ɗaya. Kafin ku sayi komai, ku tambayi kanku: firintar ɗakin kusa nake so in kai wa aiki, ko shafin JAMB nake so in buɗe, ko duka biyun?

Ku fara da leƙa bayan akwatin

A iya abin da na gani, mafi yawan kwamfutocin da aka ce ba su da kati suna da tafintansu a jiki, Wi-Fi ne kawai ba su da shi. Ku kashe kwamfutar, ku juyo bayanta wajen haske. Kusa da kafofin USB za ku ga wata kafa mai kusurwa huɗu, da 'yan zirin tagulla guda 8 a ciki, galibi da ƙananan fitilu biyu a bakinta. Sunanta RJ45, ita ce kafar kebul ɗin Ethernet. Kada ku rikita ta da kafar wayar tarho ta girke da ke jikin wasu tsofaffin kwamfutoci. Waccan ta fi ƙanƙanta, kebul ɗin netwok ba zai shige ta ba.

Idan kafar tana nan, ku ɗauki kebul ku soka kai ɗaya a cikinta, ɗayan kuma a bayan rauta, wato na'urar da ke raba netwok, sai kun ji ɗan ƙas. Ku kunna. Fitilun suka kama, to magana ta ƙare, ba ku da buƙatar sayen komai.

Idan ba su kama ba, kada ku yi saurin yanke mata hukunci. Ku fara sauya kebul, domin shi ya fi saurin lalacewa. Sannan, a Windows 10 da 11, ku danna maɓallin Windows tare da harafin X, ku zaɓi Device Manager, ku buɗe layin Network adapters. In kun ga suna mai ɗauke da Realtek ko Intel ko Broadcom, da 'yar kibiya mai kallon ƙasa a jikinsa, kashe shi aka yi. Ku danna ɓangaren dama na linzami ku zaɓi Enable device. In kuwa kun ga Ethernet Controller da alamar motsin rai ruwan ɗorawa, direba ne babu. Direba wata ƙaramar manhaja ce da ke koya wa Windows yadda za ta sarrafa na'ura, kuma masu loda Windows cikin gaggawa sukan manta da shi. In ba ku ga komai ba sam, mai yiwuwa an kashe kafar tun daga BIOS, wato saitin madabod. Ana shiga can ne da danna F2 a Dell, ko F10 a HP, daidai lokacin da kwamfutar ke tashi. Wanda bai saba ba ya nemi malami ya tsaya masa, kada ya taɓa abin da bai sani ba.

Akwai kuma kafar da ta mutu da gaske. Da damina aka fi ganin haka. Kebul ɗin da aka ja ta waje daga wani gini zuwa wani, idan aka yi tsawa kusa, yakan kwaso ƙarfin lantarki ya ƙona kafar, sauran kwamfutar kuwa tana aiki kamar ba abin da ya faru. Na taɓa rasa kafar kwamfutar ajinmu da ta rauta a dare ɗaya saboda haka, tun daga ranar, da na ga hadari ya haɗu sai na zare kebul. Irin wannan kwamfutar da kuma wadda rauta ta yi mata nisa, su ne sauran darasin ya shafa.

Wayar da ke aljihunku

Wannan hanya ce da ba ta cin ko kwabo in ban da data, kuma ina so kowane ɗalibi ya ƙware a kanta, domin ita ke buɗe ƙofar sauran. Wayoyin Android suna da wannan dama tun shekarar 2010, don haka Tecno ko Infinix ko Itel ko Samsung ɗin da ke hannunku za ta iya.

Ku buɗe data a wayar. Ku haɗa ta da kwamfuta da kebul ɗin USB. Ku shiga Settings, ku rubuta kalmar tethering a gurbin bincike, saboda kowane kamfani da inda yake ajiye ta. Za ku ga USB tethering, sai ku kunna. Bayan ɗan lokaci alamar netwok za ta fito a ƙasan fuskar kwamfutar, ta hannun dama. Abin da ya faru shi ne wayar ta gabatar da kanta ga Windows a matsayin katin sadarwa, Windows kuma ta karɓe ta a haka. Daga Windows 7 zuwa sama galibi ba a neman wani direba. Mai iPhone zai kunna Personal Hotspot, amma sai kwamfutar tana da manhajar iTunes ko Apple Devices kafin ta gane wayar.

A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Sun haɗa, wayar tana caji, amma rubutun USB tethering ya yi dishi-dishi ya ƙi dannuwa. Kusan kullum laifin kebul ne. Cikakken kebul ɗin USB na yau da kullum zare huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta, biyu na bayanai. Akwai masu arha da zare biyun wuta kawai aka sa musu, a ido kuwa ba za ku bambance su ba. Ku nemi wanda ya zo da wayar a kwali, ko wanda kuka taɓa kwashe hotuna da shi. Ku kuma sani, duk lokacin da kuka zare kebul, sai kun sake kunna tethering.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi komai muhimmanci a wannan sashe. Windows ba ta san cewa data ce ta saye kuke ba ta ba. A wajenta, an jona mata kebul ɗin ofis wanda ba ya ƙarewa. Kwamfutar da ta daɗe ba ta shiga intanet ba, tana samun hanya za ta fara sauke sabunta-manhaja a ɓoye, kafin ku farga gigabait biyu ko uku sun tafi. Na ga dattijuwar da ta sayi datar wata guda da safe, kafin azahar datar ta ƙare, ba ta buɗe shafi ko biyar ba, abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Maganinsa minti ɗaya ne. A Windows 10 da 11, da zarar netwok ya kawo, ku shiga Settings, sai Network & Internet, sai Ethernet, ku kunna Metered connection. Ma'anarsa kun gaya wa kwamfutar cewa datar a mudu ake auna ta, ta riƙa ci da lissafi. Ba a ce a bar sabunta Windows har abada ba, akwai tsaro a ciki. A bari sai an sami data mai yalwa.

Wayar tana da wani amfanin da ba kowa ya sani ba. Idan akwai Wi-Fi a wurin, ku haɗa wayar da shi maimakon data, sannan ku kunna USB tethering. Yawancin wayoyin Android za su miƙa wa kwamfutar wannan Wi-Fi ɗin.

Duk da haka ban yarda mai shago ya dogara da wannan hanya kullum ba. Wayar tana zafi, batir yana gajiya, kira ya shigo intanet ta ja baya ko ta tsaya, kuka tashi zuwa masallaci da wayar aiki ya tsaya cik. Sannan sauran kwamfutocin shagon ba za su ga wannan kwamfutar ba. Hanya ce ta fita kunya da biyan buƙatar gaggawa.

Adaftar Wi-Fi

Idan akwai rauta ko MiFi a gidan, kuma jan kebul zai yi wuya, wannan ce mafita. 'Yar na'ura ce mai kama da filashi, ana soka ta a kafar USB. Masu kayan kwamfuta a kasuwa irin Farm Centre ta Kano da takwarorinta na sauran garuruwa suna sayar da ita. Sananniya a cikinsu ita ce TP-Link TL-WN725N, wadda ba ta fi farcen babban yatsa ba, tana aiki a kan zangon 2.4 GHz, gudun da aka rubuta mata megabit 150 a daƙiƙa. Akwai kuma masu eriya, akwai masu kama zango biyu, 2.4 da 5 GHz. Zangon 5 ya fi gudu amma bango yana saurin karya shi, zangon 2.4 ya fi ratsa gini. Wanda rautarsa ke wani ɗaki, ya sayi mai eriya, kada ƙanƙanta ta ruɗe shi.

A Windows 10 da 11, da yawa daga cikinsu da an soka suke kamawa. Wasu kuwa sai da direba, direban yana cikin ɗan faifan da ke kwalin, kwamfutar kuma ba ta da wurin sa faifai. Ko kuma yana intanet, alhali intanet ɗin ake nema. Ga inda darasin waya ya yi rana: ku jona wayar na minti biyar, ku sauke direban, ku zare. Ku sauke shi daga shafin kamfanin da ya ƙera adaftar kaɗai. Shafukan da ke tallan za su nemo muku duk direbobi kyauta, sau da yawa cuta suke shigo wa kwamfuta da ita. Ku duba lambar samfurin a jikin kwali, har da ɗan rubutun V2 ko V3 da ke biye, domin kowane da nasa direban. Masu Windows 7 su karanta kwalin tun a kasuwa su tabbata an ambace ta; Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, sababbin kaya da yawa ba sa yi da ita.

Inda aka soka adafta yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Akwatin kwamfuta ƙarfe ne, an tura shi ƙarƙashin tebur, bayansa na jikin bango. In kuka soka ta a baya, kun ɓoye ta daga sabis. Ku sayi kebul ɗin ƙarin tsawo na USB, mita ɗaya ko biyu, ku ɗora ta a kan tebur tana fuskantar inda rauta take. Sau da yawa sandar sabis ɗaya takan koma uku ko huɗu. Kada tsawon ya wuce mita 5, nan ne iyakar USB 2.0. Haka kuma ku nisanta ta da filashi ko hadis ɗin da ke aiki a shuɗiyar kafa, wato USB 3.0, domin hayaniyar lantarkinsu tana damun zangon 2.4 GHz. Kamfanin Intel da kansa ya yi bayanin haka a 2012.

Adaftar kebul

Ga wanda kafarsa ta RJ45 ta ƙone, kuma rauta na kusa, wannan nake zaɓa masa. Kai ɗaya USB ne, ɗayan kuma kafar RJ45 ce sabuwa. Kebul ba ruwansa da bango ko ƙofar ƙarfe, kuma ana iya jan sa har mita 100. Shagon da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ko ofishin da ke tura manyan takardu zuwa firinta, kebul ya kamata su riƙe.

Amma a nan araha ba ta ado. Kafofin USB hawa-hawa ne: USB 1.1 na 1998 gudunsa megabit 12 a daƙiƙa, USB 2.0 na shekarar 2000 megabit 480, USB 3.0 na 2008 kuwa megabit 5,000. Akwai adaftoci masu arhar gaske da aka rubuta 2.0 a ledarsu, cikinsu kuwa 1.1 ne. Ku yi lissafin da kanku. Bit 8 ke yin bait ɗaya, saboda haka fayil mai gigabait ɗaya megabit 8,000 ne. A gudun 12 zai ci sama da minti 11. A gudun 100, daƙiƙa 80. Ku tambayi mai kaya wace ƙwaƙwalwa ce a ciki. ASIX AX88772 tana ba da 100, ASIX AX88179 da Realtek RTL8153 suna kai 1,000 idan aka soka su a shuɗiyar kafa. In da hali ku roƙe shi ya gwada a gabanku. Sai dai kada ku zaci adafta mai gudu za ta ƙara wa intanet ɗinku sauri. Idan kamfanin layi megabit 10 yake ba ku, 10 ɗin za ku gani. Amfanin gudun yana tsakanin kwamfutocin cikin gida.

Masu aiki a ma'aikata su lura: kowace adafta tana da lambar shaida tata mai alamomi 12, ana kiranta adireshin MAC. Wasu ofisoshi ba sa barin na'urar da ba su yi wa rajista ba ta shiga. In kun kawo sabuwa, ku fara sanar da jami'in da ke kula da netwok.

Modem da Bluetooth

Modem ɗin USB da ake sa wa sim, irin na Huawei da ZTE, shi ma yana yin wannan aiki, kuma ya dace da wurin da babu rauta sam. Ku tabbata na 4G ne, ku kuma tambaya ko an kulle shi a kan layi ɗaya, domin wanda aka kulle wa MTN ba zai karɓi Airtel ko Glo ba. MiFi ma, yawancinsu in aka haɗa su da kebul ɗin USB suna ba kwamfuta intanet kamar yadda waya ke yi. Bluetooth kuwa gudunsa bai wuce megabit ɗaya zuwa biyu ba, kuma tsofaffin kwamfutocin tebur ba su cika zuwa da shi ba. Ban ba ku shawararsa ba.

Yadda za ku tabbatar ta haɗu

Ku danna maɓallin Windows, ku rubuta cmd, ku danna Enter. Baƙin allo zai buɗe. Kada ya tsorata ku. Ku rubuta ipconfig. Ku nemi layin IPv4 Address. Lambar da ta fara da 192.168 ko da 10 tana nuna rauta ko waya ta ba kwamfutar adireshi. In ta fara da 169.254, kwamfutar ta nema ba a ba ta ba, sai ta laƙa wa kanta. Ku duba kebul, ku kashe rauta ku kunna. Bayan haka ku rubuta ping 8.8.8.8, wato kuna yi wa wata kwamfutar Google sallama. In kun ga Reply from 8.8.8.8, an amsa, kun isa intanet.

Wani lokaci sallama za ta amsu amma shafuka su ƙi buɗewa, burauza tana ta gargaɗin tsaro. Ku dubi agogon kwamfutar. A jikin madabod akwai ɗan batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, shi ke riƙe kwanan wata idan an ɗauke wuta. A kwamfutocin hannu sau da yawa ya riga ya mutu, sai agogo ya koma shekarun baya, shafuka masu tsaro kuma ba sa yarda da kwamfutar da kwanan watanta ya kauce. Ku gyara kwanan wata da lokaci, shafin zai buɗe; ku sa a sauya batirin don kada abin ya riƙa dawowa.

Aikin yi

Ku zauna biyu-biyu a gaban kwamfuta ɗaya. Ɗaya ya juya akwatin ya nuna wa ɗan'uwansa kafar RJ45, ya ƙirga kafofin USB, ya faɗi ko akwai shuɗiya. Ɗayan ya haɗa wayarsa, ya kunna USB tethering da Metered connection, sannan ya rubuta adireshin da ipconfig ya nuna a littafinsa. Sai ku yi musaya.

A gida kuma ku amsa wannan a rubuce, cikin layi biyar zuwa goma. Wata malama tana da shagon buga takardu, da kwamfutoci biyu da firinta ɗaya da rauta, duk a ɗaki ɗaya. Tsawa ta ƙona kafar RJ45 ta kwamfuta ɗaya. Me za ku ce ta saya, me za ta tambayi mai kaya kafin ta biya, kuma me ya sa wayarta ba za ta wadatar ba?

Ranar darasi na gaba kowa ya zo da wayarsa da caji, da kebul ɗin da ya tabbatar yana ɗaukar bayanai. Wanda nasa ya ƙi yi a gida, ya rubuto lambar samfurin kwamfutarsa da irin Windows ɗin da ke kanta, mu duba tare a aji.